Sunan da Yayata Ba Ta Faɗi Ba

Yayata ta ba ni shekara tara, kuma a bayanta na yi wayo. Har yau da furfura ta rufe ni, Auta take ce mini. Ɗakinta yana cikin gidan da mahaifinmu ya bari a Zongon Kumasi, gida mai ɗakuna da yawa da tsakar gida guda, inda mu da Dagomba da Mosi da Zabarmawa muke shanya kaya a igiya ɗaya. Tun rasuwar mijinta ta dawo ɗakin nan. Ta daɗe da barin zuwa kasuwa da goro, amma har yau 'yan goro suna kawo mata huhu ƙofar ɗaki ta tsince musu. Takan zauna a kan 'yar kujerarta, faifai biyu a gabanta, ta ware fari da ja, ta fitar da wanda tsutsa ta taɓa tun kafin ta juya shi, ta mayar da sauran cikin ɗanyen ganye. Duk wanda zai shiga gidan ko zai fita, ta gabanta zai bi.

Bara ne abubuwa suka fara faruwa. Sau biyu ta ɗora tukunya a kan kurfoti, wato murhun gawayi, a cikin ɗaki ta fita ta manta, sai hayaƙi ya tuna wa maƙwabta. Wata rana kuma ta shiga mota har kasuwar Bantama, ta sauka, ta tsaya, ta rasa abin da ya kai ta. Ta dawo gida lafiya da kanta, ita ce ma ta ba da labarin tana dariya. Amma labarin ya kai kunnen ɗanta na fari, shi kuwa bai yi dariya ba.

Ɗan nan nata mutum ne mai kirki, ya haura hamsin, yana aikin ofis, ya gina gida a unguwar Kwadaso mai katanga da ƙofar ƙarfe. Ya same ni bayan sallar Juma'a ya ce, "Kawu, zan kai Hajiya asibiti a auna ƙwaƙwalwarta. In likita ta ce abin ya yi nisa, zan ɗauke ta ta dawo wurina. Na riga na gyara mata ɗaki."

Na ce, "Ka gaya mata?"

"Kai za ka gaya mata. Ni ai ba ta yi mini doguwar magana."

Da na gaya mata, ba ta ɗago kai daga faifai ba. Ta ce, "Kwadaso? Gidan da in ka yi atishawa babu mai ce maka yarhamukallah? A auna ni. Amma in na ci, ba inda za ni."

Ni aka zaɓa in yi tafinta, domin likitar ba ta jin Hausa sai gaisuwa, Yaya kuma Tonancinta, wato harshen Asante, na ciniki ne, ba na asibiti ba. Ni kuwa yawo ya tara mini harsuna. Na yi aikin jirgin ruwa, na zauna Abijan da Legas, na yi shekaru a Jidda ina yi wa alhazai tafinta, na kuma taɓa irin wannan aiki a wani asibiti a Jamus. A can aka koya mini ƙa'idar aikin: abin da aka faɗa shi za ka mayar, kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka gyara wa kowa magana. Na riƙe ƙa'idar nan har ta zame mini abin alfahari.

Kuma gwajin basira ba baƙona ba ne. Ina saurayi na je neman aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema. Wani Bature ya zube mini ƙananan katakai masu fuska ja da fari, ya nuna mini zane a takarda, ya ce in jera su su yi kamarsa, ya danna agogon hannunsa. Ni da aka rene ni a kan cewa garaje a gaban babba rashin tarbiyya ne, sai na natsu, na jera, na sake dubawa, na gyara zaman kowane katako ya yi daidai da ɗan'uwansa, sannan na ce na gama. Duka na yi su daidai, amma ban samu aikin ba. Babu wanda ya gaya mini cewa agogon nan yana cikin tambayar. Bayan shekaru, a wata ƙasa, aka sake zube mini irin katakan nan. Wannan karon na san wasan, na yi sauri, aka ce ina da kaifin basira. Kaina dai shi ne na da. Tun ranar nake yi wa irin wannan awo kallon sikelin mahauta: yana faɗin gaskiyar abin da aka ɗora masa, amma sai ka duba ko an ɗora naman tare da kwanon.

Asibitin yana kan hanyar Oforikrom. Likitar mace ce, Batoniya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba, mai fara'a. Ta ce, "Maame, sannu, yaya jiki?" da Hausarta mai santsi, Yaya ta yi murmushi. Sannan ta juyo gare ni da Turanci ta ce, "Papa, roƙo ɗaya nake yi. Kada ka taimaka mata, ko da ido. Abin da ta faɗa kawai za ka faɗa mini." Na ce wannan ai sana'ata ce. Ɗan Yaya ya zauna a kujerar gefe, hannunsa a kan gwiwa.

Tambayar farko, yau nawa ga wata. Yaya ta ce tara ga watan azumin tsofaffi, wato Rajab. Na mayar kamar yadda ta faɗa. Likita ta ce a'a, watan kalanda take nufi. Yaya ta ce, "Wannan ai masu albashi ke lissafa shi." Likita ta yi ɗan rubutu. Ranar mako kuwa ta faɗa daidai, da garin da muke, da unguwar da ta fito.

Sai likita ta ce za ta faɗi abu uku, Yaya ta riƙe su, za a tambaye ta an jima: kujera, gishiri, jirgi. Yaya ta maimaita su tsaf.

Aka ce ta cire bakwai daga ɗari, ta ci gaba da cire bakwai daga abin da ya rage. Ta dube ni ta ce, "Ɗarin me?" Na mayar. Likita ta ce ɗari kawai. Yaya ta ce, "Babu ɗari kawai. To, bari in ce ƙwaryar goro ce." Ƙwarya guda goro ɗari ne. Sai ta rufe ido ta fara sauka: casa'in da uku, tamanin da shida, saba'in da tara. Likita tana bin ta da biro a takarda har ta kasa cim mata, ta ɗaga hannu tana dariya ta ce ya isa.

Aka ba ta biro ta zana fuskar agogo. Yaya ba ta taɓa ɗaura agogo ba, kuma rabonta da alƙalami tun na kara a makarantar allo. Ta riƙe biron kamar cokali, ta yi da'ira mai kama da ƙosai, ta ajiye. Ta ce, "Ku tambaye ni ko la'asar ta yi, in leƙa waje in gaya muku." Aka tambaye ta me ya haɗa lemo da ayaba. Ta ce mace ɗaya ke sayar da su, kuma ayaba ce ke riga ruɓewa, don haka ita ake fara ci. Takardar likita tana son a ce duka biyun 'ya'yan itatuwa ne. Na san haka, na kuma san amsar Yaya ta fi amfani ga mai shiga kasuwa, amma na mayar da ita yadda take.

Duk wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya biyo baya ne ya dame ni. Likita ta ajiye takardar gwajin ta ce za ta yi 'yan tambayoyi a kan iyali. Ta nuna ɗan Yaya ta ce, "Wane ne wannan? Yaya sunansa?"

Na mayar da tambayar, kuma tun kalmar tana bakina na san an taka wuri. Yaya ta sunkuyar da kai tana kallon zanenta. Likita ta sake tambaya a tausashe. Yaya ta ce, "Ɗan gidanmu ne."

"Ɗanki ne?"

Yaya ta juya tana kallon bango.

"To, marigayi mijinki fa, yaya sunansa?"

"Mai gidan," in ji Yaya, ta ƙara yin ƙasa da murya.

A wurinmu, macen zamanin Yaya ba ta kama sunan mijinta, ba ta kuma kama sunan ɗanta na fari. Kunya ce da aka gada. Ɗan fari ba a nuna masa so a gaban mutane, ba a yabonsa, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ke rene shi. Wannan ɗin mahaifiyarmu ce ta goye shi. Tun da aka raɗa masa suna, ban taɓa jin sunan a bakin Yaya ba. "Wancan" take cewa, ko "na Kwadaso". A ce ta furta shi yana zaune, a gaban ƙanenta da baƙuwar yarinya, ai gara a ce ta tuɓe ɗankwali a tsakiyar kasuwa.

Na san duk wannan. Ɗanta ma ya sani. Na dube shi ko zai yi magana, sai na ga ya zuba wa mahaifiyarsa ido, bakinsa a ɗan buɗe, kamar mai jiran a kira lambarsa.  Ni kuma ban yi wa likita bayani ba, domin an ce kada in ƙara. Likita ta yi dogon rubutu.

Can ta ce, "Abu ukun nan da na faɗa ɗazu fa?" Yaya ta murza yatsu, ta ce, "Gishiri." Sauran biyun ba su zo ba.

Likita ta kira mu gefe ni da ɗan. Ta ce makin ya faɗi ƙasa da inda ake so, amma abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne tsohuwa ba ta shaida ɗanta ba, ba ta kuma tuna sunan mijinta ba. Wannan alama ce ta ciwon da ya yi nisa, bai kamata a bar ta ita kaɗai ba. A cikin tasi Yaya ta ce, "Auta, na ci?" Na ce sai an duba. Da muka sauke ta, ɗan ya ce mini ƙarshen wata zai zo da mota a kwashe kayanta.

Na ce, "Amma ka san dalilin da ya sa ba ta faɗi sunanka ba."

Ya daɗe yana kallon titi. Ya ce, "Na sani, Kawu. To amma ta yaya zan gane ranar da kunyar ta ƙare, mantuwa ta karɓa? A waje duka kamarsu ɗaya. Shekara hamsin da biyar ina jin 'wancan'."



Kwana uku ina juya abin a raina. Duk inda na zauna na ga yadda ake auna kan mutum. A Abijan, wanda Faransancinsa ya goge shi ne mai basira, ko da ba zai iya ɗaure akuya ba. A Legas saurin baki ne. A Jidda na ga ana girmama mai hadda, a Jamus mai zuwa kan lokaci da takardunsa a jere. Kowane awo yana kama wani abu na gaskiya, yana kuma kama al'adar mai shi tare. Mu ma a Zongo muna da namu. Mahaifiyarmu takan aiki yaro kasuwa da saƙo uku, ba ta maimaitawa. In ya dawo da ukun, an san kansa. Da na tuna wannan sai na ga cewa abu ukun likita ba awon Turawa ba ne kaɗai, namu ne, kuma a cikin 'ya'yan mahaifiyarmu Yaya ce ba ta taɓa dawowa da saƙo biyu ba. Kalanda da agogo da lemo, zan iya yi musu gardama. Kujera da jirgi da suka ɓace mata, ba ni da ta cewa a kansu. Ban so in je in yi wa likita musun komai. Abin da nake so shi ne a cire kwanon, a auna naman shi kaɗai.

Na koma asibitin ni kaɗai, na jira har ta sallami marasa lafiya. Na yi mata bayani da Tonanci, domin magana irin wannan ba ta zama daidai a Turanci. Ta saurara ta dafe baki. Ta ce, "Ei, Papa! Mu uwa tana tsayawa a bakin titi ta ƙwala wa ɗanta na fari kira har unguwa ta ji. Me ya sa ba ka gaya mini ba a lokacin?"

Na ce, "Ke kika ce kada in ƙara."

"Na ce kada ka ba ta amsa. Ban ce ka bar ni in yi tambayar banza ba."

Ta yi gaskiya. Shekaru da yawa ina taƙama da ƙa'idar nan, sai ga yarinya sa'ar 'yata ta nuna mini inda ta tsaya. Muka zauna muka shirya yadda za a sake. Ta ce za ta karɓi watan Musulunci in na zo da kalandar masallaci ta duba. Agogo za ta musanya shi da wani abin. Amma abu uku suna nan, sababbi, kuma ba za ta sassauta ba. Na ce haka nake so.

Ranar da muka koma, aka ce ɗan ya zauna a benci a waje. Ƙofar ba ta rufe ruf ba, na gani, ban kuma tashi na ja ta ba. Likita ta ba Yaya abu uku: tsintsiya, akuya, madubi. Ta sa ta faɗi yadda ake gyara huhun goro daga kwancewa har ɗaurewa, Yaya ta jero matakan babu tsallake, har da faɗa a kan masu yayyafa ruwa da yawa. Sannan likita ta ce ta lissafa 'ya'yanta, ta fara daga ƙaramin.

Yaya ta faɗi sunan autanta, ta faɗi na wanda autan yake bi, ta hau har ta kai na biyu, kowa da garin da yake da yawan 'ya'yansa. Sai ta tsaya. Ta ce, "Sai wanda ya kawo ni."

Likita ta ce, "Ba sai kin faɗi sunansa ba, Maame. Ba ni labarinsa kawai."

Yaya ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta gyara mayafi. Ta ce ranar Alhamis aka haife shi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ungozoma ta zo da ganyen ayaba a ka. Ba ya cin kuɓewa, tun yana yaro. Yana da tabo a ƙafar hagu, kurfoti ne ya ƙone shi yana rarrafe, kuma ita ce ta bar kurfotin a hanya. Ta ce kwana bakwai tana zuwa bayan ɗakin mahaifiyarmu tana sauraren kukansa, ba ta iya shiga ta ɗauke shi, don kada a ce ta yi rashin kunya. Ta ce, "In yana cikin damuwa yakan dafa gwiwa da hannu biyu, kamar ubansa. Ran nan ma haka ya zauna. Ki gaya masa ya daina damuwa, ni ba zan iya gaya masa ba."

Na mayar da wannan duka, ban ƙara ba, ban rage ba.

Da aka zo kan abu uku, ta kawo tsintsiya da akuya. Na ukun ya ƙi zuwa.

Likita ta kira ɗan ya shigo. Idonsa ya yi ja, ya ce ƙurar hanya ce. Ta ce mana akwai mantuwa, gaskiya ce, farkonta ne, kuma za ta so ta riƙa ganin Yaya lokaci-lokaci. Amma tsohuwa ta san kanta, ta san mutanenta, ta san aikinta. Ta ce a ganinta, ɗauke ta daga inda ƙafarta ta san kowane dutse a kai ta gidan da ba ta san inda makunnin fitila yake ba, zai iya rikita ta fiye da yadda zai taimake ta. Abin da ake bukata shi ne a raba ta da wuta a cikin ɗaki, a kuma sami mai leƙa ta kullum.

Ɗan ya ce, "To, ta zauna."

Yaya ta ce mini, ba shi ba, "Auta, ka ce masa Allah ya yi albarka."

Yanzu kurfotin yana tsakar gida, a jerin na sauran mata, inda tukunya ba ta ƙonewa ba a gani ba. Ni kuma na mayar da karin kumallona ƙofar ɗakinta. Kowace safiya nakan sayo koko da ƙosai na mutum biyu, in zauna in ga ta sha maganinta, mu yi gardama a kan wanda ya riga wani rasuwa cikin mutanen da. Ɗan yana zuwa duk Juma'a. Takan zaɓi farin goro mafi kyau ta tura shi gefen faifai ba tare da ta dube shi ba, ta ce a ba wancan. Yakan ɗauka da hannu biyu.

Kwanan baya tana cikin tsinta ta ce, "Auta, kai da ka sha ruwan ƙasashe. Abu ukun nan na biyu da yarinyar nan ta faɗa, da bakinka ka mayar mini da su. Mene ne da mene ne?"

Na ce, "Tsintsiya. Akuya." Na tsaya. Na nemi na ukun a Hausa, na neme shi a Turancin da aka fara faɗarsa, babu shi. Sai da na koma gida na ga fuskata a madubin jikin bango sannan ya dawo mini.

Ta yi dariya har faifai ya karkace. Na ce to ita ta faɗa mana.

Ta ce, "Ni ma ban riƙe ba. Amma ni likita ta san da zamana. Kai wa ya auna ka?"

Sannan ta aike ni bakin titi in sayo mata sabulu da ashana da man zafi. Na ce to. Da na fita zaure, inda ba za ta gan ni ba, na ciro biro na rubuta su a tafin hannuna.